Hayaƙin Gidan Malam Muntari

Ranar Haliru takan fara idan an kawo wuta, ta ƙare idan an ɗauke. A jami'a ilimin duwatsu ya karanta, kuma tun da ya karɓi takardarsa ya hau ɗakin saman gidan baffansa a Umdurman ya zauna kamar ɗaya daga cikinsu. Yana da kwamfuta mai zafi kamar kaskon tuya, da fanka, da iyafis wanda kunne ɗaya kawai ke magana. Wasan da yake bugawa bai da wuyar fahimta: jirgi ya zubo mutane a kan tsibiri, su yi ta harbin juna, wanda ya rage da rai shi ya ci. Haliru ya ƙware. A Indonesiya akwai waɗanda suka san sunansa na wasa suna kuma tsoronsa. A layinsu kuwa mai shayi har yanzu takan tambaye shi ko shi baƙo ne.

Bayan la'asar ne wasan yake zama abin da ya fi wasa. A lokacin ne yayarsa Sittana take tashi daga aiki a wani kantin magani a Alƙahira, ta shigo su haɗu su biyu. Ba ta iya harbi ba ko kaɗan. Takan ɓuya a bayan dutse tana ba shi labarin maigidan kantin da tsadar albasa, shi kuma yana kashe duk wanda ya doso ta. Ita kaɗai ce a duniya take tambayarsa ko ya ci abinci ta kuma jira amsa.

Da za ta tafi, ta bar masa akwatin ƙarfe cike da littattafanta a ƙarƙashin gadonsa.

"Ka kula min da su, ya zol, mutumina. Zan dawo kansu."

Bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Amma ya san lissafin: wanda ya bar littattafansa bai gama tafiya ba. Idan shiru ya yi masa yawa yakan miƙa ƙafa ya taɓa akwatin da dunduniya.

Baffan nasu, Malam Muntari, malami ne jikan malami, daga zuri'ar alhazan da suka taso daga Katsina a ƙafa, kogin Nilu ya tare su suka zauna. Sana'arsa bahra. Yakan rubuta ayoyi a 'yar takarda, ya ninke ta kamar ɗan yatsa, mara lafiya ya je gida ya ɗora a garwashi, ya lulluɓa da mayafi ya shaƙi hayaƙin. Duk unguwar da wannan hayaƙin aka raine ta.

Wata Alhamis da hantsi Malam ya hau sama neman akwatin da zai zuba takardunsa, saboda gara. Ya jawo na Sittana ya buɗe. A saman akwai littafi mai hoton mace da rawayar riga a bakin taga, kanta ba ɗankwali. A ƙarƙashinta wani Bature mai gemu da ba na sunna ba.

"Haliru, mene ne wannan?"

"Na Yaya Sittana ne, Baffa."

"Na ga sunanta. Na ce mene ne?"

"Littattafai ne."

"A kan wannan kake kwana? Shi ya sa. Ɗauko mu je."

Malam bai karanta ko layi ba. Ya ce wanda ya ga wutsiyar kunama ba sai ya ƙirga ƙafafunta ba. Haliru, wanda ya kashe mutum goma sha wani abu tun karin kumallo, ya nemi kalmar a'a a bakinsa bai same ta ba. Shi ya ɗauki akwatin a kafaɗa, shi ya sauko da shi, shi aka aika ya kawo kananzir.

A ƙofar gida Malam ya ce za a ƙona, don unguwa ta ɗauki darasi. Ya shirya wa'azi ma, da ayoyinsa. Wuta ta kama, hayaƙi ya miƙe baƙi ƙirin, ya gyara murya ke nan sai ga Hajja Kubra maƙwabciya tana ɗingishi da sauri, ta tsaya a kan wutar, ta ja mayafinta ta rufe kai.

"Hajja, me kike yi?"

"Allah ya saka, Malam," ta ce daga cikin mayafin tana tari. "Shekara nawa muna karɓar 'yar mitsitsiya. Yau Allah ya buɗe hannunka."

"Ba bahra ba ce!"

"Haka kakanka yake, ba ya son a yabe shi. Basma! Kawo yaron nan mai tarin!" ta ƙwala wa 'yarta kira.

Kafin azahar layin ya cika. Mata da jarirai, tsofaffi da sanduna, wani direban raksha, keken haya mai ƙafa uku, da ya bar fasinja a ciki ya zo ya cusa kansa. Malam yana ihu cewa ƙazanta ce, ana amsa masa da amin. Da wutar ta mutu aka kwashe tokar a ledoji, har da ƙasar wurin. Haliru ya tsaya a jikin bango da akwatin da babu komai. Wata tsohuwa ta ce masa ya matsa, yana tare iska.

Da la'asar ya ga sunan Sittana ya yi kore a kwamfuta. Ya rubuta mata cewa netwok ba kyau. Ya rubuta hakan washegari ma, da wanshekaren washegari.

A kwanakin nan gwiwar Hajja Kubra ta saki. Direban raksha ya daina ciwon kai, ko ya daina faɗa. Masu zuwa karɓar bahra suka fara juya 'yar takardar a hannu suna tambaya, cikin ladabi, ko yaushe za a sake babbar. Malam ya ga abin zai ci sunan kakansa, sai ya miƙe a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a ta mako na gaba don ya kashe maganar. Ya ce labaran soyayya ne da ruɗun kafirai. Don kada a yi shakka ya siffanta su ɗaya bayan ɗaya: mai rawayar riga a taga, mai jirgin ruwa da mutum biyu a ciki ba muharrami, mai jan bango da hannu a dunƙule. Malam yana da baiwar siffantawa. Samarin da suka saba barci a sahun baya ranar ba wanda ya rufe ido. Tsofaffin kuma suka fito suna cewa lallai Malam ya kai, tunda wutarsa tana mai da ƙazanta magani.

Ranar Asabar Haliru ya yi abin da ya daɗe bai yi ba: ya sa takalmi. Ya hau bas ya haye gada zuwa Suk al-Arabi, inda masu tsofaffin littattafai suke shimfiɗa hajarsu a ƙasa ƙarƙashin baranda. Dabararsa ita ce ya cika akwatin kafin Sittana ta sani. Sai da ya tsuguna gaban wani dattijo mai tabarau ya tuna bai san sunan ko ɗaya ba.

"Akwai wani," ya ce, "mai mace da..."

"Rawayar riga. Daga Umdurman kake."

"Ya aka yi ka sani?"

"Tun jiya kuke zuwa. Shekaru yana nan rana tana cinsa, ba mai ɗagawa. Yanzu har na maƙwabcina na saye na sayar. Mai jirgin ruwan ma ya ƙare. Ka gaishe min da malamin nan naku, ka ce idan yana da wasu da bai so, ya faɗa da ƙarfi."

"Babu ko ɗaya?"

"Na ƙonawa kake so ko na karantawa? Na ƙonawa akwai tsohon littafin lissafi, hayaƙinsa ɗaya ne."

Haliru ya zagaya barandar har rana ta karkata. Ko ya samu ma, ya sani, ba za a sami rubutunta a gefen shafi ba, ko tikitin bas da take sa alama da shi. A hanyar dawowa, a kujerar gabansa, wata yarinya daga layinsu tana karanta mai rawayar rigar, ta naɗe bangon da jarida. Ba ta gane shi ba.

Ya tarar an kawo wuta. A ƙasa Malam yana zaune shi kaɗai a kan buzu, da 'yan takardunsa a ninke, ba mai karɓa. Haliru ya hau sama ya kunna kwamfuta. Sunanta kore ne. Ya sa iyafis.

"Netwok ya warke?" in ji Sittana.

"Yaya, akwai maganar da..."

"Basma ta turo min bidiyon tun ranar. Na gan ka. Ka iya riƙe galan."

Fanka tana juyawa.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. To. Ka san abin dariya? Yara uku daga layin sun rubuto min suna neman sunayen. Da nake nan, ko gaisuwa ba ta haɗa mu."

"Na je Suk al-Arabi. Zan nemo su, Yaya, ko a hankali. Kafin ki dawo."

"Bar shi, Haliru. Maigidan kantin ya daɗe yana so in sa hannu a takardar ƙarin shekaru, ina ta ja masa rai. Jiya na sa. Dama littattafan nake tunani, kada gara ta ci. Yanzu ba ni da komai a gidan nan."

"Akwai ni."

"Kai ai kana nan cikin waya," ta ce, ba da faɗa ba. "Ko ina nake ina samunka. Danna mu shiga, ina da labarin albasa."

Ya danna. Jirgi ya ɗauke su, ya bi da su saman teku, ƙofa ta buɗe. Ta yi tsalle tun kafin ya ce mata ga inda za su sauka, shi kuma ya bi ta.