Ranar da Safiyo Ya Auna Gidan Kawu

Malama ta gaji da zaman haya. Tun da suka yi aure da makaniki suke yawo daga wannan gida zuwa wancan, har ƙafafun gadonsu suka saba da kwancewa da ɗaurawa. Shi ya sa ranar da mijin ya dawo daga gareji, ko baƙin mai bai wanke ba, ya ce kawunsa zai sayar da gidansa ya koma wajen babban ɗansa, kuma su ya fara yi wa tayi, sai da ta sa shi ya maimaita maganar.

Ta san gidan sarai. Ƙarami ne, simintin tsakar gidan duk ya tsattsage, amma akwai wani ɗaki a baya mai faffaɗar taga, wanda Kawu ya gina wa matarsa lokacin da ciwo ya kwantar da ita. Tun da ta rasu ya rufe shi. Kafin mijin ya gama magana, Malama har ta shimfiɗa wa mahaifiyarta gado a ɗakin nan cikin zuciyarta.

Abu ɗaya ta ce: a kawo safiyo ya auna filin kafin a sa hannu. Wata abokiyar aikinta a makaranta ta sayi gida ba awo, har yau tana zaryar kotu a kan rabin kicin.

"Safiyo?" in ji mijin. "Gidan Kawu? Mutumin da ya goye ni a kekensa? So kike ya ce na maida shi ɓarawo?"

"Ba Kawu za a auna ba, Baban yara. Ƙasa za a auna."

"To ke za ki gaya masa."

Ita ɗin ta gaya masa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta saki maganar. Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"'Yar nan, gashin kaina a gidan nan ya yi fari. In ɗakunan sun ƙaura daga inda na ajiye su, ban ji motsinsu ba. Amma kawo shi. Ya auna har da ni in yana so."

Ta yi masa sallama ta fito.

Safiyon ya zo da hantsi, wani siririn mutum mara yawan magana, da na'urarsa mai ƙafa uku da taswirar filin a naɗe. Kawu ya ɗauko kujera ya dasa a tsakar gida ya harɗe ƙafa, kamar wanda ya zo kallon wasa. Gaban gida ya fita daidai. Gefen titi ma haka. Duk lokacin da safiyon ya ce "nan lafiya", sai Kawu ya yi gyaran murya ya kalli Malama, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Da aka zo baya ne aikin ya tsaya. Safiyon ya leƙa na'ura, ya duba taswira, ya sake leƙawa. Ya nemi fartanya ya tona gindin katanga, daidai inda tsohon gini ya ƙare ɗakin baya ya fara, har ya ci karo da dutsen iyaka da ƙasa ta binne. Ya share shi da tafin hannu, ya miƙe a hankali.

"Baba, a yi haƙuri. Ɗakin nan ya shiga filin maƙwabta. Kusan taku biyu, tun daga wannan kusurwa har waccan."

"Na'urarka ce ba ta da lafiya."

"Na so a ce haka ne. Ga dutsen, ga lambarsa, ga ta a taswirarka. Ina jin magini ne bai ga dutsen ba, ya bi shingen da ya tarar."

Kawu ya taso ya sunkuya a kan dutsen da kyar, hannu ɗaya a ƙugu. Da ya ɗago, sai Malama ta ga fuskarsa ta zube, duk ƙarfin halin nan ya tafi.

"Sauri nake yi a lokacin," ya ce, ba da kowa ba. "Likita ya ce tana buƙatar iska."

Safiyon ya yi bayani a taƙaice: ko a rushe bangon a dawo da shi kan iyaka, ko mai filin ta yarda a rubuce, a gyara taswira. Mijin ya ja Malama gefe ya raɗa mata cewa ai ba wanda ya sani, a rufe ramin kawai. Ta so ta ce to. Wallahi ta so, don ganin tsohon nan a tsaye yana shafa bangon ɗakin ya sa ta ji kamar ita ta ɗauko masa wannan rana ta kawo masa har gida. Amma kunnen Kawu bai tsufa ba.

"Kai, rufe mini baki. Ni zan sayar wa ɗan 'yar'uwata rigima? Miƙo mini takalmina."

Mai filin wata tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, tana noman ganye a bayan gidanta. Rabonsu da gaisuwar kirki da Kawu an daɗe, saboda ruwan rufinsa da ke kwarara cikin lambunta duk damina. Ita ta ce ya sa indararo, shi ya ce ruwan Allah ne, daga nan kowa ya kama gabansa.

Suka same ta da butar ban-ruwa a hannu. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu," in ji Kawu. "Ni ne na zo da ƙafata. An auna gida, an ce na ci miki ƙasa. Ban sani ba, Allah shi ne shaida. In rushewa kike so, a rushe."

Nas ta ajiye butar ta goge hannu a zani.

"Sai yau ka sani? Ni tun ranar da aka ja igiyar tushe na gani."

"Kika yi shiru?"

"To me zan ce? Ni nake shiga in yi wa matarka allura a wancan kurkukun da kake kira ɗaki, ko taga babu. In hana ta wurin shan iska saboda kunya biyu ta alayyafo? Da kai nake faɗa, ba da ita ba. Allah ya jiƙanta."

Kawu ya juya musu baya yana neman wani abu a aljihu, bai samu ba. Malama ta kawar da kai ta bar shi ya gama.

"Ke ce mai sayen?" Nas ta tambaye ta.

"Mu ne, Inna."

"Wa za ki sa a ɗakin?"

"Mahaifiyata."

"To madalla, na samu abokiyar hira. Ku kawo takardar in sa hannu tun ina da rai, don 'ya'yana ba su da haƙurina. Amma da sharaɗi: a sa mini indararo kafin ruwa ya sauka."

"Ni zan sa da hannuna," in ji mijin da sauri.

"Kai da mota ka sani," in ji Kawu. "Ka nemo mai walda, kada ka ja mana wani abin kunyar."

Gyaran taswirar ya ɗauki lokaci, an sha zuwa ofis ana cewa a dawo. Ranar da suka tare, Kawu ya ƙi shiga motar ɗansa sai da ya zaga da Malama ko'ina. Ya nuna mata yadda ake ɗaga ƙofar kicin kafin ta rufu, da makunnin da ke ba da wuta in hannu da danshi, da inda tururuwa ke fitowa. Ɗan yana ta danna odar mota a waje, shi kuwa ko a jikinsa.

A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "'Yar nan, kin ɓata mini rai kwanakin baya."

"Na sani, Kawu. A yafe mini."

"Na yafe tuni. Ki riƙe mijin nan naki da kyau, kan nan nasa bai faye aiki ba."

Motar ta tashi. Yara suna ta tsere daga ɗaki zuwa ɗaki suna rabon wurin kwana, mijin yana kiran a zo a kama masa katifa. Malama ta ɗaure ɗankwali ta shiga ciki.