Muryar Dramani a Bakin Alhaji

Ranar da aka kawo kaset ɗin bikin Sanatu, wanka biyu mahaifinta Dramani ya yi. Matan gidan hayar suka sa shi gaba da tsokana, wai ai an riga an ɗauke shi tun ranar biki, wankan yau ba zai shiga cikin talabijin ba. Ya zura fugunsa mai ratsin fari da baƙi, rigar mutanen arewa, ita dai wadda ya sa ranar bikin. Ya jawo benci ya dasa gaban talabijin ɗin da mai gidan, Alhaji Wasiu, ya yarda a fito da shi tsakar gida bayan la'asar.

Duk unguwar Maamobi ba wanda bai san Dramani ba, sai dai ba da sunan da uwarsa ta raɗa masa ba. Dramani Bokiti ake ce masa. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu kusa da Savelugu, ya zo Ankara, babban birnin ƙasar, kuma aikin da ta ba shi shi ne kwashe bokitan bayan gida. Shekara goma sha biyar yana ɗora ƙazantar mutane a ka, har wuyansa ya karkace hagu bai sake miƙewa ba. Daga baya ya koma dakon kaya a kasuwar Nima, amma sunan ya manne masa kamar ƙaska. Da wannan wuyan ya reni Sanatu bayan rasuwar uwarta, da shi ya kai ta makaranta har ta zama nas. Ga shi yanzu ta auri Jamiu, ɗan unguwar Kotobabi mazaunin Jamus. Angon ya riga ya koma, ita kuma ranar Asabar za ta bi shi, da kaset ɗin a jakarta.

Shi ma Dramani an ba shi nasa, kuma ya san inda zai kai shi. Yayansa Ziblim, can ƙauye, shekara da shekaru yana faɗa wa duk mai kunne cewa ƙaninsa ya tafi birni ya zubar da mutuncin gidansu. To, Imoro direba zai tashi zuwa Tamale, can wajen Savelugu, ranar Juma'a. A kai wa Ziblim kaset, a kunna masa a gidan kallo na Savelugu, ya ga ƙanin nan nasa tsaye a tsakiyar alhazai, abin magana a hannu, yana sa wa 'yarsa albarka kowa na cewa amin. Gani ya kori ji.

Aka kunna. Furanni suka yi ta juyi, sunan amarya da ango ya taso da ruwan zinariya. Aka ga motoci, aka ga tukwanen shinkafa, aka ga mata da gwaggwaro kamar za su taɓa rufin rumfa. Dramani ya yi ta gyara zama. Can sai ga muryarsa, shaƙaƙƙiya: “Sanatu, Naawuni ya yi miki albarka. Allah ya sa inda za ki ya fi inda kika baro.”

Murya tasa ce, ko kurma ya shaida. Amma fuskar da ta cika gilashin ta Alhaji Wasiu ce, da jar dara da babbar riga mai aiki. Bakin Alhaji yana motsi dabam, addu'a tana tafiya dabam. Har an kai amin, Alhaji na ta tauna wata magana da ba a ji.

Wata ta fashe da dariya, ta kuma haɗiye ta da sauri. Alhaji Wasiu ya tuna bai yi alwala ba, alhali magariba da sauranta.

“Inji ne, Baba,” in ji wata tsohuwa da ke tankaɗe a gefe. “Haka suke yi.”

Dramani ya yarda. Me zai hana? Abin da ya lalace ai gyara shi ake yi.

Washegari, Talata, ya naɗe kaset ɗin a ƙyalle ya gangara ta bakin babban kwalbatin Nima zuwa shagon Mutala mai bidiyo, wanda ya ɗauki bikin. Shagon bai fi ɗakin kaji biyu ba: injin bidiyo biyu ɗaya kan ɗaya, ƙaramin talabijin, da wata tsohuwar kwamfuta da yake rubuta sunaye da furanni da ita. Mutala gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Ba kaset ɗin da aka taɓa kawo masa ya ce ya gagare shi. Amma da ya ga wanda ya shigo, sai ya hau neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

“Ɗana,” in ji Dramani, “injinka ya yi kuskure. Muryata ce, amma bakin wani.”

“Eh, Baba, yana faruwa paa, sosai ma. Wani lokaci kan inji ne ke yin datti, sai sauti ya gudu ya bar hoto.”

Ya kwance murfin injin, ya jiƙa auduga da sifirit, ya yi ta goge wani abu mai sheƙi a ciki, a hankali, kamar mai wanke wa jariri ido. Dramani ya tsaya a kansa cike da girmamawa. Aka mayar da kaset. Ga Alhaji nan dai da jar dararsa. Mutala ya murɗa wani maɓalli, layuka suka hau suka sauka, hoton ya yi tsalle ya dawo. Alhaji bai gusa ba.

“To sanyi ne ya shiga kaset ɗin,” in ji Mutala, idonsa a kan injin. “Iskar teku ba ta barin kaya lafiya. A bar shi ya sha iska, Baba, ku dawo gobe.”

Laraba babu wuta. Shekarar ce ruwan madatsar lantarki ta Akosombo ya ja baya, ana raba wuta unguwa-unguwa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi murnar ɗauke wuta irin Mutala a ranar ba. Dramani ya zauna a dakalin shagon tun hantsi har azahar, ya bar dakon ranar kasuwa guda, ranar da ’yan kaya suke samun na mako. Ya ga ana shiga ana fita, ya ji Mutala yana yi wa mutane bayanin cututtukan kaset: wanda launinsa ya koɗe don an kwafa daga kwafi, wanda inji ya tauna, wanda aka aiko daga Amurka yake birgima don injinsu ba irin namu ba ne. Kowace cuta da sunanta da maganinta. Tasa ce kawai ba a faɗi sunanta ba.

Da yamma aka kawo wuta a Maamobi. Ya karɓo kaset ɗinsa ya roƙi matar Alhaji ta sake kunna masa, shi kaɗai, tun daga farko. Wannan karon ba jiran addu'a ya yi ba, kansa ya shiga nema. A ƙofar masallaci ya san yana tsaye dama da liman. Hoton ya yanke daidai kafaɗar liman. Wurin cin abinci ya san shi ya miƙa wa surukai ruwa. Sai ga hannu da kofi, kafin a ga mai hannun an koma kan furanni. Awa biyu cur, har akuyar maƙwabta ta fito sau biyu.

Alhamis da safe ya isa shagon da kwalbar sifirit da ƙullin auduga da ya saya a kemis, ya ajiye su a kan tebur.

“Ga shi, ko naka ne ya ƙare. Amma ɗana, ina da tambaya. Ni ban yi makaranta ba. Dattin nan da ke cikin injinka, ido gare shi? Ya bar liman, ya bar masu kiɗa, ya bar akuya, ni kaɗai yake ci?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutala ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda da aka yago daga littafin rubutu.

“Mepacho, Baba, ku yi mini afuwa. Inji ba shi da laifi koraa, ko kaɗan. Aiki aka ba ni. Wuraren da za a cire ne a nan, da mintinsu.”

“Wa ya ba ka? Alhaji?”

“Alhaji bai san komai ba sai da ya gani.”

“Dangin mijin?”

Mutala ya miƙa masa takardar kawai. Dramani ba ya karatu, ko sunansa da yatsa yake dangwalawa. Amma akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa cike da littattafan Sanatu tun daga aji ɗaya, bai yar da ko guda ba. Ya san yadda take karkata rubutu, ya san bakwai ɗinta mai ɗamara a tsakiya. Ga su nan jere, tsaf-tsaf, irin rubutun da malamai suke yabo.

Rubutun Sanatu ne. Da a ce zaginsa ta yi a tsakiyar kasuwa da ya fi masa sauƙi, domin zagi fushi ne, fushi kuwa yana wucewa. Wannan zama aka yi, aka duba agogo, aka rubuta.

“Me ta ce?”

“Ta ce a can Jamus, mutanen mijinta da abokansa duk sun san mahaifinta ɗan kasuwa ne, kuma alhaji. Ta ce mutanenmu na can bakinsu ba shi da kyau. In wani ɗan Nima ya gane ku, sunan nan zai bi ta har can.” Mutala ya rufe aljihun tebur. “Wallahi tana kuka ta faɗa, Baba.”

“To me ya sa ka bar muryar? Ka manta ne?”

“A'a. Ita ta ce kar in taɓa addu'ar. Ta ce tana son albarkar.”

Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waɗanda suka yi karin maganar nan ba su zo Nima sun ga injin Mutala ba, mai yanke hannu ya bar maka zoben.

“Asalin kaset ɗin yana nan,” in ji Mutala da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. “Ban goge ba. Yau ɗin nan zan haɗa muku naku, da fuskarku, da komai. Ku aika gida. Ba wanda zai sani.”

Dramani ya daɗe yana kallon takardar. Ziblim zai gani, gaskiya ne. Savelugu za ta gani. Kuma Savelugu tana da 'ya'ya a Kumasi, Kumasi tana da 'ya'ya a Jamus, kaset kuwa ƙafa gare shi, ya fi Imoro sanin hanya. Ya ninke takardar biyu ya mayar wa Mutala.

“Bar shi. Ba wannan gyaran za ka yi ba. Wanda za ta tafi da shi, aikinka bai yi kyau ba. Matan gidanmu ma sun gane, balle mutanen Turai. Bakin Alhaji yana gabas, magana tana yamma. Za a yi mata dariya a gidan miji.”

“Baba…”

“Ba ka ce kowace cuta da maganinta ba?”

Akwai magani, Mutala ya sani. In baki ya ƙi daidaita da murya, sai a ɓoye bakin, a rufe wurin da wani hoto. Ya sa asalin kaset ɗin a injin sama, ya yi ta gaba da baya, mutane suna gudu kamar tururuwa. Ya tsaya a kan wasu hannuwa biyu da aka ɗaga sama ana addu'a, kusa sosai, ba fuska.

“Wannan zai yi,” in ji shi a hankali. “Hannu ne kawai. Ba wanda zai ce ga mai shi.”

Dramani ya matso, ya karkata wuyansa ya duba. Tafin hannu mai kanta, faso a kowace gaɓa, farcen babban yatsa ya mutu tun zamanin bokiti. Ga bakin hannun fugu mai ratsin fari da baƙi. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da talabijin ya tsaya a kan wani abu nasa, kuma ya kalle shi sosai, bai yi gaggawa ba.

“Ba waɗannan ba,” ya ce. “Ɗan kasuwa ba ya da irin wannan hannu. Nemo na Alhaji, masu zobe.”

Ranar Juma'a Imoro ya tsaya da mota a bakin titi, ya aiko a karɓo saƙon Ziblim. Dramani ya fito da kansa, hannu wofi, ya ce a gaida yaya, a faɗa masa inji ya cinye kaset ɗin.