Ai Baƙonmu Ne

A shekarun da Abuja ke cika tana batsewa, duk inda mutum ya duba sai ya ga ana zuba kankare, wani attajiri ya gina otal a Utako ya ɗauko Khairat daga Legas ta riƙe masa. Ta yi aiki a manyan otal-otal a can, ta san duk hanyar da ake bi a cuci mai gida. Tun makon farko ta sa aka cire makullan ƙarfe aka sa na kati, don kada ma'aikaci ya ba da ɗaki da rana a ɓoye ya zuba kuɗin a aljihu. Ta hana a sauke man janareta sai tana tsaye. Ta kuma kafa doka a kan baƙi: duk wanda zai daɗe sai ya faɗi inda yake aiki, a buga waya a tabbatar, kuma ba wanda zai mai da otal ofishinsa.

Ma'aikata suna tsoronta, ita kuma hakan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne hawa na sama da ya kwashe watanni ba kowa, ga mai otal kullum yana kira daga Kaduna yana tambayar ina baƙi.

Ana cikin haka Barista Nazeer ya zo. Mutum ne fari, mai sanyin murya, shaddarsa ba ta taɓa yamutsewa. Ya kama ɗaki mafi tsada a saman, ya biya na wata tun kafin a tambaye shi. Ya ce shi lauya ne, yana taimaka wa mutane su sami fili ba tare da wahalar layi ba. Masu gadi na son sa saboda hannunsa a sake yake, kuma sallar jam'i ba ta wuce shi a ɗan masallacin bayan otal.

Ba a jima ba zauren baƙi ya fara cika da masu jiran sa: 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati da suka kusa ritaya, har da wata bazawara da ke zuwa daga Kwali. Suna sayen lemo da abinci, ɗan ɗakin taro da ya daɗe a rufe ya koma kullum a kame.

Wata safiya Albert, mataimakinta mai kula da karɓar baƙi, ya same ta a ofis.

"Madam, wannan Barista, lambar ofis da ta ba mu ba ya shiga," ya ce da irin Hausarsa. "Kuma na ga katinsa a hannun wani. Adireshin otal ne a jiki, da lambar wayarmu."

Khairat ma ta lura mutumin yana yawan canza layin waya, kuma bai taɓa fita da safe kamar mai zuwa kotu ba. Dokar da ake takawa ita ta kafa ta. Amma ta tuna saman da ya yi watanni a rufe, ta tuna mai otal ya daina kiran ta da faɗa.

"Ka san halin layukan waya a garin nan," ta ce. "Zan yi masa maganar katin da kaina."

Ba ta yi ba. Sau da yawa sun haɗu a bakin lif, ya gaishe ta da ladabi, ta ce a ranta sai gobe.

Akwai wani dattijo, Alhaji Ɗangoggo, Bakatsine mai shago a kasuwar Wuse, shi ke kawo wa otal shinkafa da man girki. Tun zuwanta garin ya ɗauke ta kamar 'yarsa. Shi ya samo mata gidan haya, matarsa kuma takan aiko mata da dambun nama. In ya sauke kaya yakan shiga ofishinta ya sha shayi su yi hira.

Ran nan bai taɓa shayin ba. Ya gyara zama ya ce, "'Yata, tambaya na zo da ita. Mutumin nan na sama, kin san shi? Ya nuna mini filaye a hanyar Bwari, ya ce nan da shekara kaɗan wurin zai zama gari. Ni na tsufa, ina so in bar wa yara abin da ba haya ba."

Maganar Albert ta faɗo mata. Ta buɗe baki za ta ce ya dakata a bincika, sai ta ji nauyin a ce manaja na ɓata sunan baƙon da ya fi kowa biya, alhali ba ta da hujja a hannu.

"Ai baƙonmu ne, Baba," ta ce. "Ya daɗe a nan, ba mu taɓa jin wani abu a kansa ba."

"To, alhamdu lillahi. Tun da daga bakinki na ji, hankalina ya kwanta."

A ganinta ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta ce ya saya ba. Da wannan ta lallashi kanta. Ba ta san dattijon zai sayar da shagonsa ɗungurungum ya kai wa Barista kuɗin ba.

Bayan ɗan lokaci Barista ya sauko da 'yar jaka, ya ce zai je ta'aziyya Abaji ya dawo da yamma. Bai dawo ba. A makon ne Alhaji Ɗangoggo ya ɗauki magina ya kai su filin don a fara katanga, ya tarar wani kamfani ya riga ya kafa tubali, da takardunsa na gaskiya. Ran nan kafin azahar zauren otal ya cika da mutane, kowa riƙe da takarda mai tambari, wasu ma fili ɗaya aka sayar musu. Da 'yan sanda suka buɗe ɗakin, ba su sami komai ba sai akwatin da aka cika da tsofaffin jaridu. Katin shaidar da ya bayar na jabu ne, sunan ma ba nasa ba ne.

Bazawarar Kwali ta zauna a ƙasa a gaban teburin karɓar baƙi, ba ta kuka, tana ta maimaita cewa ita ganin otal ɗin ne ya sa ta yarda. Khairat na tsaye tana ji. Albert ya ci gaba da ba mutane ruwa.

Ta nemi Alhaji Ɗangoggo a cikin taron ba ta gan shi ba. Wayarsa a kashe. Sai da ta bi ta hannun maƙwabtansa na kasuwa ta ji ya koma Bwari, yana zama a rumfar wani ɗan ƙanensa. Ta je ranar Asabar. Ta same shi a kan benci yana auna wa wata mata gero, ya rame, hularsa ta yi masa yawa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya sa aka kawo mata kujera.

"Baba, da ka tambaye ni..."

"Bari, 'yata," ya katse ta. "Ke ma ai cutar ki ya yi. Ina za ki sani? Mutum yana sallah a sahun gaba. Abin da Allah ya rubuta ne."

Ta so ta ce masa ta sani, ko aƙalla ta yi zargi, kuma kalma ɗaya daga bakinta da ta isa ta tsayar da shi. Amma ya riga ya juya yana tambayar ta aiki, yana ba ta haƙuri cewa ba zai iya kawo shinkafa ba yanzu, ta nemi wani kada baƙi su rasa abinci. Ta yi masa tayin otal ya ba shi kuɗin kaya tun gaba ya sake farawa. Ya yi godiya ya ce ƙarfinsa ya ƙare, kasuwar Wuse ta yara ce yanzu. Da za ta tafi sai da ya sa aka zuba mata gero a leda.

Ba a kama Barista ba. Mai otal bai kori Khairat ba, don shi a lissafinsa bai yi asara ba. Khairat ta dawo da dokarta da ƙarfi, har wasu manyan baƙi suka yi fushi suka koma wani wuri don an buga waya ofishinsu. Ta bar su suka tafi.

Da damina ta faɗi, Alhaji Ɗangoggo ya kwashe iyalinsa ya koma Dutsin-ma. Takan kira shi duk sallah, ya yi ta sa mata albarka. A shekara ta uku ɗansa ne ya ɗauki wayar, ya gaya mata Baba ya rasu tun cikin azumi, sun nemi lambarta a wayarsa ba su gane ta ba. Ta yi masa ta'aziyya, ta tambayi halin da mahaifiyarsu take ciki, sannan ta rufe ƙofar ofis ta daɗe a zaune.