Sunan da Bai Fito a Rediyo Ba

Da an sallame la'asar a Wagini, Malam Muntaka zai fito da rediyonsa mai ɗaurin roba, ya ajiye shi kan buzu a gindin darbejiya, ya murɗo shirin labaran kotu. Kafin alƙalin da ke cikin labarin ya yanke hukunci, shi ya riga ya yanke nasa. Ɓarawon awaki a Safana, ɗauri. 'Yan'uwan da suka kai juna ƙara kan gado, dukansu ba su da tarbiyya. Dokarsa ɗaya ce, kuma yakan faɗe ta ko ba a tambaye shi ba: mutumin kirki ba a jin sunansa a bakin 'yan jarida.

Mai karanta labaran kuwa Mahfuza ce, 'yarsa ta fari, wadda ke aiki a wani gidan rediyo a Katsina. Kowa a majalisar da ke taruwa a gindin darbejiyar ya sani. Tun da aka haife ta Malam bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa yabonta a gaban mutane ba. Haka alkunyar ɗan fari take, haka ya taso ya tarar. In muryarta ta fito sai ya kau da kai yana jan carbi, kamar wata baƙuwa ce ke magana. Amma gishiri kan ƙare a gidansa, batir bai taɓa ƙarewa ba.

Shekarun da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa, daji ya rufe su, gambar da ke raba gona da gona ta bi wuta. Da aka samu sauƙi aka koma, Sada, taubashin Malam kuma maƙwabcinsa a gona, ya sa garmar shanu ya shigo masa, har ya haɗa da aduwar da mahaifin Malam kan huta a gindinta. Malam ya yi magana, Sada ya mayar da ita wasa kamar yadda taubasai suka saba. Mai unguwa ya nemi sasanta su, Malam ya ƙi. Ya hau babur zuwa Batsari ya shigar da ƙara. Gaskiyar tasa ce, kowa ya san aduwar. Sai dai mai gaskiya ma yakan yi wauta, kuma Malam ya yi.

Wata safiya matarsa Indo ta ajiye masa koko, ta ƙi komawa ɗaki.

"Malam, 'yar Katsina ta kira."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ta ce makon nan shirinsu kan shari'o'in iyakar gona ne a Batsari. Shugabansu ya ce duk ƙarar da ke gaban kotu a karanta ta, da sunan mai ƙara da wanda ake ƙara."

Malam ya busa kokon da bai da zafi. "To, ai aikinta ne."

"Aikinta ne. Sunan ubanta kuma ba na bakinta ba ne. Ta ce ba za ta kama shi duniya na saurare ba. Ta ce kuma ba za ta tsallake shi ba, tunda ta karanta na iyayen wasu. Gara ta ce a ba wani shirin."

"Na makon nan kawai?"

"Masu jira suna da yawa, Malam. In ta saki, ta saki ke nan."

Indo ta kwashi kwanonin wanki ta yi bayan ɗaki. Malam ya zauna yana kallon rediyon da ke rataye a bango. Ya ga kansa a gindin darbejiya, ya murɗa, wata murya ta fito, ta wani ƙato da bai san shi ba. Ya ajiye ludayi, ya ɗauki fartanya.

Ya tarar da Sada yana cire ciyawa a cikin geron da ya shuka a wurin rigimar. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da iyali da ruwa da gajiya, kamar ba su ne za su tsaya gaban alƙali ba.

"Alƙalin Wagini da kansa!" in ji Sada. "Kotun ce ta biyo ni gona?"

"Kai bawa, rufe min baki. Na zo in janye."

Sada ya miƙe, ya riƙe ƙugu. "Ka ga za ka faɗi, ko?"

"Ka san ba zan faɗi ba. Allah ma ya sani."

"To me ya faru? Ko an daina sayar da man babur?"

Malam ya dubi aduwar, ya dubi ƙasa. Maganar ta yi masa nauyi. "Yarinyar nan ce," ya ce a hankali. "Mai rediyo. An ce sai ta karanta."

Dariyar Sada ta tsaya. Shi ne ya kai Mahfuza makarantar kwana a bayan kekensa, da akwatinta ɗaure a gaba, domin uban ba zai yarda a gan shi yana rakiyar 'yar fari ba.

"Mahfuza?" ya ce da ƙarfi, da gangan. "Mahfuzarmu? Shi ne ka tsaya kana ta kewaye-kewaye?"

"Geron bana ka ci. Wurin ma na bar maka."

"Wurin na karɓa, don ka ji zafi ka daina kai mutane kotu. Aduwar kuwa, ba ni cin inuwar kawuna ni kaɗai. Zo mu yi layi ta gindinta."

Suka haƙo saiwar gamba daga bakin rafi, suka dasa tun daga hanya har gindin aduwa, suna dasawa suna gardamar wanda layinsa ya karkace. Rabin wurin da Sada ya shigo ya zama nasa, rabi ya dawo wa Malam. Malam ya ga rabin ya tafi, ya ci gaba da dasa gambarsa. Washegari suka hau babur ɗaya zuwa Batsari, Sada a baya yana ƙorafin tuƙi.

Ranar shirin majalisa ta cika. Muryar ta fito a natse, ta karanta ƙararraki ɗaya bayan ɗaya, da sunaye da garuruwa. Can ƙarshe ta ce akwai wata ƙara daga Wagini da aka janye, bayan dattawan biyu sun koma gona sun dasa gamba da hannunsu. Tunda ba ta gaban kotu, in ji ta, sai a yi musu fatan damina mai albarka.

"Ji mana!" Sada ya buga cinya. "Ni da na tara iyalina su ji ni a rediyo, ka jawo min asara."

Daudu mai nama ya ƙyafta wa jama'a ido. "Malam, yarinyar nan ta iya magana. Ko 'yar wane ce?"

Malam ya ja carbi, ya kau da kai wajen hanya.

"Ina zan sani?" ya ce. Sannan ya miƙa hannu ya ƙara murya. "Ku yi mana shiru. Ba ta gama ba."