Jaririya a Ƙasa, Kaji a Fada

Tun hantsi jaririyar ke kwance a tsakar zauren fada, a kan dutse mai sanyi, tana tsala kuka. A Rum ɗa ba ya zama ɗa sai ubansa ya sunkuya ya ɗauke shi da hannunsa. In ya juya baya, bayi su kai shi juji.

Sarki Ostoriyus kuwa ya ƙi sunkuyawa, ya ƙi juyawa. Yayarsa Ostoriya na tsaye, takaici kamar ya kashe ta. Aure huɗu ta yi wa ƙanen nan nata ɗawainiya. Matar fari ya sake ta don ba ta haihu ba, ta biyu don ubanta ya yi masa gatse a majalisa, ta uku ko shi bai san laifinta ba. Ga ta huɗun, Bibiya, ta haihu, wai kuma matsalar mace ce.

"Yaya, namiji na yi wa mayaƙa alkawari," in ji shi.

"Mayaƙan ne suka yi naƙudar? Ɗauki 'yarka, sanyi zai shige ta!"

"Bari mu ji ta bakin alloli."

Aka shigo da kajin duba. In sun ci hatsi, alloli sun yarda ya ɗauke ta ke nan. Mai kajin ya buɗe keji ya watsa hatsi. Kajin nan, 'yan banza, suka tsaya kallon rufi.

"Ranka ya daɗe, sun ƙi ci."

Kai jama'a! Mutum na mulkin rabin duniya, kaza ke yanke masa shawara. Kukan yarinyar har ya fara dushewa. Sarki ya tattara mayafinsa zai juya.

Ostoriya ta cafki wata jar kaza ta wurga ta wajen jaririyar. Kaza ta dira daidai kanta, ta karkata wuya tana leƙen idon nan mai sheƙi.

"Idonta!" Sarki ya daka tsalle ya sure yarinyar, rawanin ganyensa ya faɗi.

Dattawan majalisa duk sun gani.

"Yaya, ba da niyya na…"

"Ka ɗauka dai. Tallafe mata wuya, sakarai."

Ya tallafe. Sai a lokacin Ostoriya ta zauna a inda yarinyar ta kwanta. Dutsen ya fi yadda ta zata sanyi.