Yaro Ɗaya, Kati Huɗu

A ƙaramin asibitin da ke Bukan Sidi a garin Lafiya, kafin ka ga nas ko likita sai ka fara ganin Iorfa. Shi ne mai ɗakin kati. Shekara goma sha shida ke nan yana zaune bayan wata taga mai ƙarafuna, kantoci a bayansa cike da katunan marasa lafiya har kusa da silin. Yana son ɗakin nan ƙwarai. Ya san kantar da ta lanƙwashe, ya san inda rana ke sauka da ƙarfe goma.

Kowane kati yana da lamba, kuma yakan rubuta wa mutum lambarsa a 'yar takarda ya tafi da ita. Sai dai takardar ba ta daɗewa. Wata a wanke ta cikin zani, wata yaro ya cinye. In babu lamba, sai ya nemi suna a babban littafi.

Tun da aka rufe ɗakin shan maganin wani ƙauye don gyara, matan wajen Ashige suka koma zuwa nan, layin tagarsa ya zama abin magana. Mace za ta faɗi sunan yaro, ya duba ya sake dubawa, babu. Sai ya buɗe sabon kati don kada a tsaya. Kwalin sababbin katunan da ake kawowa na wata uku, a sati biyar ya ƙare.

Ranar Litinin Sista Bilqis, shugabar asibitin, ta shigo ta tsaya a kansa.

"Iorfa, ba faɗa na zo yi ba. Daga ofis sun ce in wata ya ƙare layin nan bai ragu ba, za su kawo wani, kai kuma a mai da kai gadi a bakin get. Kuma daga yau duk wanda ya taɓa zuwa, ba sabon kati. Ka nemo tsohon."

"Sista, ni ba na ɓatar da kati fa," in ji Iorfa. "Kati ne yana gudu."

"To ka kama shi."

Ranar ko doyarsa bai iya ci ba.

Da safiyar Laraba wata matashiya mai suna Lami ta iso taga, goye da yaro mai zazzaɓi.

"Madam, lamba naka?"

"Ta ɓata."

"Yaro fa, sunan shi?"

"Nababa."

"Baban shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam."

Iorfa ya buɗe littafi. Nababa Malam har mutum tara ne a ciki, kuma da ya jawo katunansu babu wanda shekarunsa suka yi daidai sai ɗaya, shi ma layi biyu kawai aka rubuta a kai.

"Ai zuwansa na biyar ke nan," Lami ta ce. "Har allura aka yi masa ta fito masa da ƙuraje."

Hannun Iorfa ya nufi kwalin sababbin katuna, sai ya tuna, ya janye shi.

"Madam, don Allah, suna na gaskiya. Wanda liman ya faɗa ranar suna."

Lami ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Matan da ke layi suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wata dattijuwa da ke bayanta, maƙwabciyarta Inna Zuwairatu, ta matso da sandarta.

"Kai ɗan nan, so kake ta nutse a ƙasa? Ɗan fari ne fa, kuma sunan surukinta ya ci. Ko wuƙa ka sa mata ba za ta faɗa ba. Mijin ma ka ji ta ce Malam, ai duk mazanmu Malam ne."

"To Mama, wa zai faɗa?"

"Ni mana. Muktar ne, ɗan Ɗanliti. Uban in ya kawo shi Abba zai ce maka. Kakarsa kuwa Maigida take ce masa, mijinta ne ai, har kishi suke yi da wannan."

Layi ya fashe da dariya, har Lami ta murmusa a bayan mayafi.

Iorfa bai yi dariya ba. Ya daɗe a Lafiya, ya san mata ba sa kiran wasu sunaye, amma bai taɓa haɗa wannan da kantocinsa ba. Ya koma littafi. Ga Muktar Ɗanliti, ranar da goggonsa ta kawo shi rigakafi. Ga Abba Ɗanliti. Ga Maigida Ashige, da rubutun hannunsa shi kansa. Ya jera katuna huɗu a kan tebur. A na uku, da jan biro, likita ya rubuta sunan allurar da ba za a sake yi wa yaron ba.

Ya kwashe su ya kai wa Sista Bilqis da kansa. Ta karanta jan rubutun.

"Da sabon kati ka buɗe, wannan allurar za mu yi masa yau," ta ce. "To yanzu ya za ka yi? Ba za mu ce kowace mace ta taho da Inna Zuwairatu ba."

Iorfa ya leƙa waje. Kusan kowace mace a layin tana riƙe da 'yar ƙaramar waya, wata ɗaure da roba, wata a ƙulle a bakin zani.

"Sista, ba ni filasta guda ɗaya."

Ya yanki filasta kamar tsawon ɗan yatsa, ya manna a bayan wayar Lami, ya rubuta lamba da biro, ya danna sosai. Ya haɗe katunan huɗu da ƙusar takarda suka zama ɗaya.

"Madam, daga yau kar ka faɗa suna. Nuna waya kawai."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Surukinka ya huta, ni ma na huta."

Inna Zuwairatu ta miƙo tata wayar ta cikin ƙarafunan. "Ni ma a manna mini. Ni mantuwa ce matsalata, ba kunya ba."

Sati biyu ya yi yana manna filasta, in layi ya ƙare kuma ya zauna yana haɗe katunan da suka rabu. Akwai wata yarinya da ya samu da kati shida. Kantoci biyu suka zama fanko, ya goge su, ya ɗora kular abincinsa a ɗaya. Ba duka ne suka yi daidai ba: wasu matan wayar miji suke zuwa da ita, wata kuma filastarta ta ɓare a wurin daka. Waɗannan sai ya tambayi ta kusa da su a layi.

Ƙarshen wata ya zo ranar Alhamis. Da ƙarfe goma rana ta sauka a inda ta saba, kuma babu kowa a bakin taga. Sista Bilqis ta leƙo, ta dubi benci, ta dubi kwalin sababbin katuna da ko rabinsa bai ƙare ba.

"Na ce wa 'yan ofis mai gadinmu yana nan lafiya, ba ma neman wani," ta ce. "Ci doyarka."

Ya buɗe kula ke nan sai ga Lami, yaron yana tafe da ƙafarsa, an kawo shi awo. Ba ta ce komai ba, ta ɗaga waya. Iorfa ya karanta, ya juya, ya jawo katin a karo ɗaya.

"Nababa Abba Maigida," ya ce, yana miƙa mata. "Ku shiga, Sista yana jira."