Kukan Azurfa

Tun da maigidana ya rufe shagonsa na gyaran rediyo, bayan kicin ɗina ya koma juji. Wani mutum ne ya taɓa kawo masa gyaran na'urar neman ƙarfe a ƙasa, bai dawo ya karɓa ba. Malam ya farke cikinta, ya yi mata 'yan dabarunsa, ta tashi. Sanda ce doguwa mai faifai a gindi, da waya da ake saƙalawa a kunne. Tsohuwar yayi ce, ba allo ba lamba, sai sauti kawai. In faifan ya bi ta kan ƙarfe mai tsatsa, sai ta yi gurnani. In kuwa azurfa ce a binne, sai ta yi wani siririn kuka kamar na ɗan tsako.

Tsofaffin sulallan azurfa yake nema, irin na zamanin kakanninmu. A shekarun farko ya samo 'yan kaɗan, ya jera su a akwatin gilashi, duk baƙon da ya shigo sai ya sha bayani ko yana so ko ba ya so. Daga baya abin ya ɗauke ɗif. Kullum ya fita sai ya dawo da ƙusoshi, da ruɓaɓɓen kwaɗon ƙofa, da marfin tukunya, ya zuba a bokiti. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

"Sannu da zuwa, attajiri. Yau ƙusa nawa muka ci riba?"

"Ke dai ba ki san komai ba," in ji shi. "Ƙasar ce aka tsince. Amma bari in samu shiga gidan Likita."

Gidan Likita shi ne mafi tsufa a layinmu, yana can ƙarshen titi, da fili babba a gabansa. A da nan marasa lafiya suke yini a zaune suna jiran layi, suna kwance ƙullin zane suna ɗaurewa. Malam ya ce ba yadda za a yi a yi shekara da shekaru ana haka ba a zubar da ko sule ɗaya ba. Ya roƙi tsohon har ya gaji, tsohon ya ce ba mai tona masa gida yana raye. Da ya rasu, gidan ya koma hannun 'yarsa mai kantin magani. Ita ce ta tare Malam a hanya ta ce za ta yi shaguna, za a malale filin duka da siminti.

"Baba, in kana so ka zo ranar Asabar, kafin magina su sauke yashi. Sharaɗina biyu ne. Kada ka taɓa saiwar lemon mahaifiyata, kuma duk ramin da ka tona ka cike shi."

Ranar ko karin kumallo bai tsaya yi ba. Sai da ya ɗauko kayan ya ga ɓera ya cinye wayar kunnen. Ya yi ta zagin ɓeran har da iyayensa, sannan ya ce ba komai, ai na'urar tana da ƙaramar lasifika a jikinta. Ni na bi shi ne don gwiwarsa, in ya durƙusa sai an ba shi hannu yake tashi. Ban taɓa raka shi ba, kuma ban taɓa jin muryar abin nan ba, tunda kullum a kunnensa take magana.

Na shimfiɗa tabarma a gindin lemo, na ajiye filas ɗin shayi. Ya fara daga bakin ƙofa, yana tafiya a hankali yana kaɗa faifan dama da hagu kamar mai shara. Gurnani, ya durƙusa, ƙusa. Gurnani, ya durƙusa, guntun waya. Ni kuma ina tashi ina miƙa hannu ina komawa. Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa masa baya, jakar ƙusa tana ta nauyi.

Wajen tsohon famfo, inda aka ce nan bencin jira yake, sai na ji shi. Tsiii. Siriri, tas, bai yi kama da gurnanin ba ko kaɗan. Na ɗago kai ina jiran ya tsaya. Malam ya wuce abinsa. Faifan ya dawo ta wurin, abin ya sake yin tsiii, ya ƙara taku gaba, fuskarsa ko gezau.

A take abubuwa suka riƙa dawo min. Butar shayi takan yi ta fito a kan wuta yana zaune kusa da ita bai sauke ba, in ce lalaci ne. Jikanyarmu takan yi masa magana ya ce ta daina cin magana a baki. Muryata kuwa, da yake Allah ya yi ni da babbar murya, ba ta taɓa wuce shi ba, shi ya sa ban lura ba. Mutumin da a shagonsa tun daga bakin ƙofa yake jin rediyo ya faɗi abin da ya lalace a ciki, shi ne yau yake taka azurfa yana wucewa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma na ji kunyar duk tsiyar da na yi masa a kan ƙusa.

Na yi tunanin in yi shiru. Amma jibi siminti zai rufe wurin.

"Malam, ɗan koma baya."

"Me zan yi a baya?"

"Wajen famfon nan. Ta yi kuka."

"Wa ya yi kuka?"

"Abar hannunka. Kukan tsakon da kake faɗa."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Hajiya, yau kika fara ganin na'urar nan a bakin aiki, har kin zama gwana? Tsuntsu kika ji a kan lemo."

"Na san tsuntsu, ba yau aka haife ni ba. Koma ka gani."

Ya koma, don ya kunyata ni ne ba don ya yarda ba. Ya kaɗa faifan a kan wurin. Tsiii. Tsiii.

"To, ina kukan?"

"Ga shi nan tana yi. Tona."

Ya yi tsaki ya durƙusa, ya caka ƙaramin shebur ɗinsa, ya ɗebe ƙasa wajen taƙi guda. Yana murje ta a tafin hannu yana mita, sai mitar ta tsaya. Wani abu zagayayye, baƙi ƙirin, ya fito. Ya tofa masa yawu ya goga da babban yatsa, gefen ya yi fari fat.

"Azurfa! Hajiya, azurfa ce! Ban gaya miki ba? Ban ce akwai a gidan nan ba?"

Dariya yake yi kamar yaro, har haƙoransa na ƙarshe na gani. Mai kantin magani ta leƙo ta taga ta ce, "Barka, Baba!" Ya ɗaga mata sulen sama. Ni ma na taya shi, na ce lallai yau an yi attajirin gaske.

Sai dariyar ta fara raguwa. Ya zauna daɓas a ƙasa, abin da ba ya yi saboda gwiwa. Ya jawo na'urar ya kwantar da ita a cinyarsa, ya wuce da sulen ta gaban faifan. Tsiii. Ya ƙure ƙarar har ƙarshe, ya kai kunnensa bakin lasifikar, ya sake.

"Yanzu ma tana yi?"

"Tana yi."

Ya juya ɗaya kunnen. "Yanzu fa?"

"Tana yi, Malam."

Ya ciro ƙusa daga jaka ya gwada, na'urar ta yi gurnani, ya gyaɗa kai. Ya mayar da sulen, ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ba sai na faɗa masa ba, shi da ya ƙare rayuwarsa a kan sauti.

"Filin tsohuwar tasha," ya ce a hankali. "Na bi shi kaf. Gonar mai gidan burodi. Bayan tsohon gidan waya. Duk an gine su yanzu." Ya dubi sulen da ke hannunsa. "Ashe tana ta kirana ina wucewa."

Na zauna kusa da shi a kan ƙasar, ban damu da zanena ba. "Wannan dai ba a gine shi ba tukuna. Tashi mu sake daga bakin ƙofa. Kai ka riƙe sanda, ni in riƙe hannun rigarka. In ta yi kuka zan ja."

"Ke da kika ce aikin banza ne?"

"Har yanzu aikin banza ne. Tashi."

Ya ɗan murmusa, amma bai miƙo hannu ba. Yana ta juya sulen a tsakanin yatsunsa.

"Hajiya, na manta yadda yake. Yi min shi da bakinki."

Na matso daf da kunnensa, na siranta murya iya yadda zan iya, na yi masa tsiii mai tsawo, har numfashina ya ƙare. Ya juyo ya zuba wa bakina ido.

"Kin fara?"

"Ban fara ba," na ce. "Gyaran murya nake."

Na sake yi, wannan karon da babbar muryata, wani sauti mai kauri da babu azurfar da ta taɓa yin irinsa. Malam ya lumshe ido ya saurara har na gama.

"Yauwa," ya ce. "Haka yake."